Karatun digiri ta intanet kan ba da shawara ga masu shaye-shaye a makarantun Kirista: tambayoyi da amsoshi ga 'yan'uwa a Jihar Kebbi

Waɗannan su ne tambayoyin da fastoci, masu bishara, shugabannin matasa da matan zumunta suka fi yi, daga Zuru da Yauri har Birnin Kebbi, idan maganar wannan karatu ta taso. Wasu amsoshin ba za su yi daɗin ji ba, musamman na takarda da na kuɗi, amma gara a ji su tun kafin a biya dala ɗaya.

Wane irin karatu ne wannan, kuma mene ne bambancinsa da na makarantar Littafi Mai Tsarki?

Makarantar tauhidi tana shirya mutum don wa'azi da kiwon ikilisiya. Wannan kuwa yana shirya shi ya zauna da mutum ɗaya, ko iyali ɗaya, ko rukunin mutum takwas zuwa goma sha biyu, waɗanda giya ko ƙwaya ta kama, ya taimake su su daina su kuma zauna a kan dainawar. Yawancin darussan iri ɗaya ne da na kowace jami'a: ilimin halayyar ɗan'adam, yadda kayan maye suke aiki a ƙwaƙwalwa, dabarun hira, ƙa'idojin sana'a. Abin da makarantar Kirista take ƙarawa shi ne darussan Littafi Mai Tsarki, da koyar da yadda za a shigo da addu'a da tuba da gafara cikin aikin ba tare da an ture likita gefe ba.

Buƙatar ba ƙarama ba ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a farkon 2019, ya nuna mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun taɓa kayan maye a cikin shekara guda, ban da giya da sigari. A Arewa maso Yamma kashi 12 cikin ɗari ne, wato kusan mutum miliyan 3.

Me ake koyarwa takamaimai?

Abu na farko shi ne aunawa. Ɗalibi yakan shigo da tunanin cewa duk wanda aka gani da kwalba ko ƙwaya "ɗan maye" ne, sai a koya masa rarrabewa. Littafin da likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka suke aiki da shi, DSM-5, ya jera alamomi 11: shan fiye da abin da aka yi niyya, yunƙurin dainawa a kasa, ƙwaɗayin abin mai tsanani, watsi da aiki ko gona ko makaranta, jiki ya saba har sai an ƙara yawa, jiki ya yi ciwo idan an rasa, da sauransu. Wanda yake da biyu ko uku a cikin wata 12 matsalarsa mai sauƙi ce, huɗu ko biyar matsakaiciya, shida zuwa sama mai tsanani. Akwai kuma takardun tambayoyi na Hukumar Lafiya ta Duniya: AUDIT na giya, tambaya 10, maki daga 0 zuwa 40, wanda ya kai 8 ya shiga haɗari, sai ASSIST wanda ya haɗa wiwi da ƙwayoyi da sholisho da sauran su.

Na biyu shi ne hira, kuma a nan masu wa'azi suka fi shan wuya. Wanda ya saba tsayawa a bagadi yana faɗa ana saurare, sai a ce masa ya rufe baki ya yi tambaya. Dabarar da ake kira hirar zaburarwa, wadda ta samo asali a 1983, an gina ta a kan abin da kowace uwa ta sani: in ka matsa wa mutum da "ka daina", shi kuma sai ya shiga kare abin da yake yi. Maimakon haka ana tambayarsa me ƙwayar take yi masa, me kuma ta ƙwace masa, har dalilin dainawa ya fito daga bakinsa. Ana koyar da matakan canji kuma: wanda bai ma ga matsala ba, wanda ya fara tunani, wanda yake shiri, wanda ya fara aiki, wanda yake riƙe da nasararsa. Maganar da ta dace da na huɗu tana korar na farko.

Sauran darussan sun haɗa da jagorantar zaman rukuni, aiki da iyali, hana komawa ruwa, cututtukan ƙwaƙwalwa da suke tafiya tare da shaye-shaye, rubuta bayanan zama, da matakai 12 na ƙungiyar mashayan da suka daina, wadda aka kafa a 1935 a jihar Ohayo. Makarantun Kirista sukan ƙara da tsarin Celebrate Recovery, wanda ya fara a 1991 a wata majami'a a Kalifoniya, aka ɗora shi a kan albarkun da ke cikin Matiyu 5.

Baba Fasto ya ce shaye-shaye zunubi ne, maganinsa tuba da addu'a. Me ya kawo digiri?

Baba Fasto bai yi kuskure ba da ya ce Nassi ya hana buguwa. Afisawa 5:18 ta faɗa, Karin Magana 23:29-35 kuma ta zana mashayi tsaf, har zuwa inda ya farka yana neman ƙari. Amma wannan ayar ta ƙarshe ita ce ainihin abin da ake karantawa a darasin ƙwaƙwalwa: me ya sa wanda ya sha dukan jiya yake tashi da neman abin da ya jawo masa dukan? Bulus ma a Romawa 7 ya yi maganar mutumin da yake aikata abin da ba ya so.

Mutum yana iya tuba da gaske ranar Lahadi, da hawaye, ran Talata kuma jikinsa ya kama rawa saboda ya shekara biyar yana samun tiramol kowace safiya. Idan ba wanda ya gaya masa cewa wannan rawar jiki za ta zo kuma za ta wuce, zai ɗauka tubansa ne bai karɓu ba. Da yawa a nan suke barin majami'a gaba ɗaya. Basamariyen nan na Luka 10 ya zuba mai da ruwan inabi a raunin, ya ɗaure, ya kai mutumin masauki, ya biya kuɗi. Karatun nan koyon ɗaure raunin ne.

Sai dai a lura, makarantun Kirista ba bakinsu ɗaya ba. Wasu suna haɗa Nassi da ilimin likitanci. Wasu kuwa suna koyar da cewa Nassi kaɗai ya isa, ba sa yarda da kiran abin cuta. A karanta bayanin bangaskiyar makaranta da jerin darussanta. Idan babu darasi ko ɗaya a kan yadda ƙwayoyi suke aiki a jiki, shawararmu a nemi wata.

Waɗanne makarantu ne suke yin sa ta intanet?

Yawancinsu a Amurka suke. Jami'ar Liberty da ke jihar Bajiniya tana da digiri na biyu a wannan fanni. Jami'ar Grand Canyon a Arizona tana da na farko da na biyu. City Vision a jihar Mizuri ƙarama ce, ta intanet kaɗai take koyarwa, ta kuma taso ne daga aikin gidajen bishara masu kula da marasa galihu. Ambaton su ba talla ba ne. Shirye-shirye da farashi suna canjawa, wasu shirye-shiryen ma ba a buɗe su ga wanda yake zaune a wajen Amurka ba. A rubuta musu a tambaya a fili: "Ina zaune a Najeriya, zan iya gama wannan shiri daga farko har ƙarshe ba tare da na zo ba?" A ajiye amsar.

Yaya zan gane makarantar gaskiya daga ta bogi?

Kada a dogara da tambarin da makaranta ta manna a shafinta. A ɗauki sunan hukumar da ta ce ta tantance ta, a je shafin CHEA, majalisar da take amincewa da hukumomin tantance manyan makarantu a Amurka, ko na Ma'aikatar Ilimi ta Amurka a duba abu biyu: ko hukumar tana cikin waɗanda aka amince da su, ko kuma sunan makarantar yana ƙarƙashinta. Daga cikin amintattu akwai SACSCOC da HLC, akwai DEAC mai kula da karatun nesa, sai na makarantun Kirista: ABHE, TRACS da ATS.

Tarkon da ya fi kama 'yan'uwa shi ne wannan: a jihohi da dama na Amurka doka ta bar majami'u su buɗe makaranta su ba da digirin addini ba tare da an tantance su ba. Makarantar ba ta karya doka ba, takardarta kuma tana da kyan gani, amma babu jami'ar da za ta karɓe ta. Wasu ma sukan kafa tasu hukumar tantancewa su tantance kansu. Alamomin da ya kamata su sa mutum ya ja da baya: digiri cikin wata shida, digiri "saboda shekarun hidimarka", dakta na girmamawa da ake biya, wakili a Abuja ko Kaduna da yake karɓar kuɗi a asusunsa na kansa, da rashin sunayen malamai. Araha ba ta ado.

Idan na gama, gwamnatin Najeriya za ta amince da takardar? Zan je bautar ƙasa?

A nan ne ake yawan kuka daga baya. Tantancewar Amurka ba ta zama amincewar Najeriya kai tsaye. Takardar da aka samo daga waje sai ta bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya a Abuja an auna ta, kuma hukumomi sun daɗe suna ɗari-ɗari da digirin waje da aka yi gaba ɗaya ta intanet. Abin ya ƙara tsauri tun Janairun 2024, lokacin da gwamnati ta dakatar da auna takardun Jamhuriyar Benin da Togo, bayan wani ɗan jarida ya nuna ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida. Mu da muke da iyaka da Benin mun san yadda irin waɗannan takardu suka yi yawo.

Hukumar bautar ƙasa kuma tana neman wanda ya yi karatu a waje ya nuna fasfo mai hatimin fita da dawowa. Wanda ya yi karatunsa daga ɗakinsa a Zuru ba shi da wannan. Saboda haka matashin da yake son aikin gwamnati, ko malamin da yake neman ƙarin girma a ma'aikata, kada ya sa digirin waje na intanet ya zama digirinsa na farko. Ya yi digiri a jami'ar da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, NUC, ta amince da ita, a fannin ba da shawara ko halayyar ɗan'adam ko aikin jin daɗin jama'a, sannan ya ɗora ƙwarewar shaye-shaye a kai. Ga mai son karatu daga gida akwai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, NOUN, wadda take da cibiyar karatu a jihar nan, tana kuma koyar da tauhidin Kirista.

Wanda kuwa aikinsa a cikin ikilisiya ne, ko ƙungiya mai zaman kanta, lissafinsa dabam ne. Shi abin da zai yi shi ne ya tambayi hedikwatar ɗarikarsa, ECWA ce ko UMCA ko Baftis ko Angilika ko Katolika, a rubuce, ko za su ƙirga masa takardar.

Digirin zai ba ni lasisin aiki?

A'a. Ko a Amurka digiri dabam, lasisi dabam. Kowace jiha tana da nata sharuɗɗan, da jarrabawa, da dubban awoyi na aiki ƙarƙashin mai duba. Idan makaranta ta ce shirinta "yana kai wa ga lasisi", jihohinsu take nufi. A nan gida, dokar da ta kafa majalisar kula da masu sana'ar ba da shawara ta samu sa hannu a 2022, kuma ƙa'idojinta ne za su shafe ka. Ba ka zama likita ba, ba ka rubuta magani, ba ka yin allura.

Me ake nema wajen shiga?

Don digiri na farko: sakamakon WAEC ko NECO, takardar shaida mai hoto, wani lokaci da shaidar iya Turanci. Wasu makarantun sukan yafe wa ɗan Najeriya jarrabawar Turanci, sai an tambaya. Mai NCE ko difloma ya aika da cikakken sakamakonsa ga kamfanin auna takardu irin WES, domin a rage masa darussa. Makarantarsa ta dā ce za ta aika kai tsaye, kuma wannan kaɗai yana iya cin wata biyu ko uku. Ba a fafe gora ranar tafiya. Diflomar makarantar Littafi Mai Tsarki da ba a tantance ba, sau da yawa ba a ƙirga ta.

Shekara nawa ne, kuma awa nawa a mako?

Digirin farko na Amurka kiredit 120 ne, kowane kwas kiredit 3, wato kwas 40. Yawancin makarantun intanet suna yin zango na mako 8. Kowane kwas ana sa ran zai ci wajen awa 135, saboda haka kusan awa 17 ke nan a mako. Mai ɗaukar kwas biyu a zango, zango biyar a shekara, zai gama cikin shekara 4, amma yana karatun awa 34 a mako. Mai ɗaukar ɗaya zai kai shekara 8.

Fasto mai wa'azin Lahadi, da addu'ar Laraba, da jana'iza, da gona, ya fara da kwas ɗaya. Ya kuma duba kalandarsa: zangon da ya faɗo a kan shuka ko girbi ko makon Kirsimeti, a tsallake shi da izini tun kafin ya fara. Janyewa bayan an shiga mako na biyu ko na uku yakan cinye kuɗin.

Aikin kowane mako kusan iri ɗaya ne: karatu, rubuta amsa a dandalin aji, mayar wa abokan aji biyu martani, ƙaramar jarrabawa, sai dogon rubutu. Ana wuce rubutun ta manhajar gano kwafe irin Turnitin. Kwafo sakin layi daga intanet ba tare da faɗin mai shi ba, abin da da yawa suka saba da shi, a can yana jawo sifili, maimaitawa kuma kora.

Nawa zan kashe?

Ana biya da dala, bisa kiredit. A ɗauki farashin kiredit ɗaya a ninka sau 120. A ce dala 250 ne, misali kawai, jimla ta zama dala 30,000 ban da littattafai da kuɗin auna takardu. Sannan a tuna abin da ya faru a Yunin 2023, da aka saki naira: dalar da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,400 a 2024. Wanda ya fara karatu kafin nan ya wayi gari kuɗin makarantarsa ya ninka uku alhali makarantar ba ta ƙara ko sisi ba.

Tallafin gwamnatin Amurka da ake gani a shafukansu ba na baƙi ba ne, bashin NELFUND kuma na makarantun gida ne. Abin da ya rage shi ne rangwamen da wasu makarantun suke yi wa ɗaliban ƙasashe masu tasowa ko masu hidimar ikilisiya. A nema kafin rajista. Idan majami'a ce za ta ɗauki nauyi, a rubuta yarjejeniya: zango nawa, me zai faru idan dala ta tashi, shekara nawa ɗalibin zai yi hidima bayan ya gama. Wajen biya, a tambayi banki iyakar katin naira a waje, ko a buɗe asusun dala.

Akwai hanya mai rahusa da zan fara da ita?

Akwai, kuma ga mafi yawan masu tambaya ita ce ta fi dacewa. Manhajar horo ta UTC a kan kula da masu shaye-shaye, wadda ƙungiyar Colombo Plan take yaɗawa, an tsara ta ne don ƙasashe irin namu, ana samun darussanta ta shafin ƙungiyar ISSUP, wadda take da reshe a Najeriya. Wanda ya yi darussan ya kuma tara awoyin aiki yana iya zama jarrabawar ICAP, wato takardar ƙwarewa ta ƙasa da ƙasa a wannan aiki. Ba ta addini ba ce, amma mai diflomar tauhidi ya riga ya mallaki wancan ɓangaren. Wata uku a kan wannan za su nuna wa mutum ko aikin nasa ne, kafin ya sayar da shanu.

Da wutar nan tamu da sabis ɗin nan, zai yiwu?

Zai yiwu idan aka zaɓi shirin da ba ya tilasta halartar aji kai tsaye. Waya kaɗai ba ta isa rubutun shafi goma. Ana buƙatar kwamfutar tafi-da-gidanka, ko da ta hannu ce, muddin batirinta yana riƙe awa uku. A samu layuka biyu na kamfanoni dabam-dabam, da ƙaramar sola. Awa ɗaya ta Zoom da hoto tana iya cin rabin giga zuwa giga ɗaya. A kashe hoton. Ranar farko ta mako a sauke duk abin karantawa, a yi rubutu a kwamfuta tukuna sannan a liƙa a dandalin, don kada sabis ya ɗauke da aikin awa biyu.

Agogo ma yana kayar da mutane. Gabashin Amurka yana bayanmu da awa 5 daga Maris zuwa farkon Nuwamba, awa 6 a sauran watanni. Arizona awa 8 ce kullum. Wa'adin 11:59 na daren Lahadi a Bajiniya asubahin Litinin ne a nan. Ajin ƙarfe 7 na yammarsu kuwa tsakar darenmu ne. Waɗanda suke wuraren da tsaro yake da matsala su gaya wa malamai tun farkon zango, domin maƙwabtanmu na Zamfara sun ga yadda aka rufe layukan waya gaba ɗaya a Satumban 2021.

Ina zan yi aikin gwaji?

A tambayi wannan kafin a biya kuɗin rajista, domin akwai waɗanda suka gama duk darussa suka maƙale a nan. Tambayoyi uku ne: awa nawa ake nema, wace takarda mai duba aikin zai mallaka, kuma za a yarda da wanda yake Najeriya? Idan makarantar ta ce sai mai lasisin Amurka, magana ta ƙare. Idan ta yarda, wuraren nema su ne Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware a Sakkwato, na Barnawa a Kaduna, Asibitin Koyarwa na Tarayya a Birnin Kebbi, da sashen ba da shawara na ofishin NDLEA. Zama da matasan majami'arka ba tare da ƙwararre yana duba ka ba hidima ce mai kyau, amma ba a ƙirga ta a matsayin horo.

Littattafan na Amurka ne. Sun san abin da yaranmu suke sha?

Rabi da rabi. Za ka karanta shafuka da yawa a kan hodar iblis da ƙwayoyin da ba ka taɓa gani ba, ba za ka ga zaƙami ko madarar sukudayi ko gadagi ba. Aikinka ne ka mayar da kowane abu gidansa. Tiramol da kodin dangin ofiyom ne. Roci da D5 dangin magungunan barci ne. Sholisho na masu shaƙa ne.

Wasu lambobi na gida sai ka riƙe su da kanka. NAFDAC ta amince da tiramol mai miligiram 50 da 100 ne kawai, iyakar abin da likita yake bayarwa a yini kuma 400 ne. Wanda ake sayarwa a ɓoye yana kai 225. Ɗan ƙwadagon da ya haɗiyi biyu kafin ya shiga fadamar shinkafa ya riga ya wuce iyaka, shi ya sa wasu suke faɗuwa da jijjiga kamar masu farfaɗiya. Shi kuma ba don nishaɗi ya fara ba, don ya iya aikin yini ne. In ba a taɓa maganar aikin ba, ba a taɓa komai ba. An hana yi da shigo da maganin tari mai kodin a Mayun 2018, amma hanin bai warkar da waɗanda suka riga suka kamu ba.

Giya ma haka. AUDIT yana ƙirga "sha ɗaya" a matsayin giram 10 na barasa, littattafan Amurka giram 14. Babbar kwalbar giya mai santilita 60 ta haura giram 23, wato fiye da sha biyu a lissafin AUDIT. Burkutu kuwa da ƙwarya ake auna shi, ƙarfinsa ya danganta da mai dafawa da kwanan da ya yi. Sai a tambayi girman ƙwaryar, sau nawa, daga ƙarfe nawa zuwa nawa.

Yaushe ne zan daina magana in kai mutum asibiti?

Idan an manta duk abin da ke shafin nan, kada a manta wannan. Wanda ya daɗe yana shan giya mai yawa kullum, kada a sa shi ya yanke rana ɗaya a gida ko a ɗakin addu'a. Rawar hannu da zufa suna farawa cikin awa 6 zuwa 24, jijjiga tana iya zuwa cikin kwana biyu, a kwana na biyu zuwa na huɗu kuma ana iya samun ruɗewa da gane-gane da zazzaɓi, wanda yake kisa. A nan iyali sukan ce aljanu ne, a ƙara masa azumi. Ruwa da magani yake buƙata. Roci da D5 ma haka: likita ne yake rage su a hankali cikin makonni.

Yanke tiramol ko kodin yana kawo ciwon gaɓoɓi, gudawa, hamma, rashin barci. Wahala ce ƙwarai, ko da yake ba kasafai take kisa ba. Haɗarin yana zuwa daga baya. Wanda ya yi wata biyu bai sha ba jikinsa ya sauka daga sabo, in ya koma ya sha adadinsa na dā, numfashinsa yana iya tsayawa. Alamun su ne barcin da ba a iya tashe shi, numfashi sama-sama, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, leɓe ya canja launi. A kwantar da shi a gefensa, kada a ɗura masa madara ko manja, a garzaya asibiti a gaya musu abin da ya sha. Akwai allurar naloksan da take karya shi.

Sauran waɗanda ba a jinkiri da su: mai maganar kashe kansa, mai jin muryoyi, mai ciki, da wanda ya taɓa jijjiga.

Iyaye sun ce a ɗaure shi a harabar majami'a har ya dawo hayyacinsa. In yarda?

Kada ka yarda. A 2019 'yan sanda sun fitar da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Kaduna da Katsina, rahoton masu kare haƙƙin ɗan'adam na wannan shekarar kuma ya samu sarƙa a gidajen addu'a na Kirista kamar yadda ya samu a na wasu. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin ta 1958, ta ba marar lafiya haƙƙi, ta kuma sa sharuɗɗan tsare shi a hannun asibiti. Sarƙa tana raba mutum da ƙwaya na ɗan lokaci, ba ta koya masa abin da zai yi ranar da ya haɗu da tsofaffin abokansa a tasha. Haka nan kada ka karɓi ƙwaya ko wiwi ka ajiye a gidanka a matsayin shaidar tuba. Riƙe su laifi ne ko a hannun wa.

Ya daina wata huɗu, ya ba da shaida a gaban jama'a, ya koma ruwa. Na gaza ne?

Masu bincike a Amurka sun sa komawa ruwa tsakanin kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari, kusan daidai da yadda masu hawan jini suke sakin magani. A zauna a bi sawu: wace rana, da wa, da kuɗin me, me ya faru a gida kafin nan. Sau da yawa za a tarar ranar kasuwa ce, ko ranar da aka sayar da amfanin gona. Kuskuren da ake iya kaucewa shi ne gaggawar fito da shi ba da shaida. Kunyar idon jama'a takan hana shi dawowa neman taimako. Galatiyawa 6:1 ta ce a komo da irinsa cikin tawali'u.

Ni mace ce, shugabar zumuntar mata. Karatun ya dace da ni?

Mama, ku aka fi buƙata. Binciken nan na 2019 ya ce ɗaya cikin huɗu na masu shan kayan maye mace ce, amma kaɗan ne suke zuwa neman magani, don tsoron saki da bakin duniya. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Matar da take shan maganin tari a ɗaka ba za ta faɗa wa dattijon ikilisiya ba.

Idan Musulmi ya zo wurina fa?

Zai zo, musamman in an ji ka iya aikin. Ka gaya masa tun farko ko kai wane ne, ka tambaye shi ko yana son maganar addini ta shigo, ka mutunta amsarsa. Mai da magani ya zama ƙugiyar jawo mutum ga addininka ya saɓa ƙa'idar sana'ar, a garuruwanmu kuma yana iya tayar da fitinar da ta fi ƙarfinka. Idan yana da malamin da ya yarda da shi, da izininsa ku yi aiki tare.

Dattawan ikilisiya sun ce in gaya musu abin da yaron ya faɗa mini. Ya zan yi?

Wannan ake warwarewa a zaman farko, kafin ya faɗi komai. A gaya masa: abin da ka faɗa a nan yake tsayawa, sai in ranka ko na wani yana cikin haɗari, ko ana cutar da yaro ƙarami, ko kotu ta nema. A gaya wa dattawa wannan ƙa'idar ita ma tun kafin a fara aikin, a shigar da ita cikin rubutun taronsu. Idan akwai abin da ya kamata uba ko mata ko fasto su sani, sai yaron ya yarda, a rubuta wa za a gaya wa da abin da za a faɗa, ya sa hannu ko ya dangwala.

Littafin bayanai a sa masa lamba maimakon suna, a kulle shi a akwati, kada a bar shi a ofishin da kowa yake shiga. Wajen aikin makaranta, idan malami ya ce a kawo misali daga aiki, a canja shekaru da gari da sana'a. A roƙon addu'a na ranar Laraba kuma kada a ce "wani ɗan'uwanmu mai gyaran babur da yake fama da ƙwaya", domin a majami'a mai mutum tamanin kowa ya san mai gyaran babur ɗin.